Rayuwa a Ruwan Zafi na Ƙarƙashin Daɓen Teku da Matsalar Kalmar "Ƙwayar Cuta" a Hausa

1.0 Gabatarwa

A Hausar yau da kullum, kusan duk wata halitta da ta yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinta sai da madubin likita sunanta ɗaya ne, wato ƙwayar cuta. Da wannan suna malamin asibiti ke gargaɗin iyaye mata game da ruwan sha, da shi gidajen rediyo ke ba da labarin kwalara da sanƙarau, da shi kuma malamin makaranta ke fassara wa ɗalibansa darasin kimiyya. Sunan ya yi wa harkar kiwon lafiya aiki mai kyau, domin ya dasa wa jama'a ƙyamar ƙazanta. Sai dai binciken da masana suka gudanar tun daga shekarar 1977 ya fito da wani babban rukuni na irin waɗannan halittu da ke rayuwa a ruwa mai tsananin zafi, a cikin duwatsun da teku ke kwance a kansu, inda ɗan Adam bai taɓa zama ba balle su sa masa cuta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda wannan rayuwa take da yadda aka gano ta, sannan ta nuna cewa bayanin ba zai zauna daidai a Hausa ba muddin "ƙwayar cuta" ce kaɗai kalmar da ke hannun mai bayani. An kawo misalai daga Kwarin Binuwai, domin ɗalibin da ke karatu a unguwar Sarkin Dawaki ta garin Jalingo, wanda ɗaruruwan kilomita suka raba shi da teku, ya sami abin kwatance a kusa da gida.

Akwai buƙatar a warware wata kalma tun daga farko. Idan aka ce "ƙarƙashin teku", mai sauraro yakan ɗauka cewa ana nufin cikin ruwa mai zurfi, kamar yadda ake cewa jirgin ƙarƙashin teku. A wannan maƙala za a kira ƙasar da ruwan teku ke kwance a kanta da sunan daɓen teku, a bisa kwatancen daɓen ɗaki. Ke nan "ƙarƙashin daɓen teku" na nufin cikin laka da dutsen da ke ƙasa da ruwan gaba ɗaya.

2.0 Yadda Ruwan Zafi Ke Samuwa a Ƙarƙashin Daɓen Teku

Masana ilmin ƙasa sun tabbatar da cewa ɓawon duniya ya kasu zuwa wasu manyan fale-falen dutse waɗanda ke motsi a hankali, gwargwadon 'yan santimita a shekara, kwatankwacin saurin tsirowar farce. A inda falle biyu ke rabuwa da juna, narkakken dutse yakan taso daga ciki ya daskare ya zama sabon daɓe. Wannan ne ya samar da wani jerin tsaunuka a tsakiyar tekunan duniya mai tsawon kimanin kilomita 65,000, wanda kusan dukkansa ruwa ya rufe shi.

Sabon dutsen yakan tsattsage yayin da yake hucewa. Ruwan da ke kwance a kansa mai sanyi ne ƙwarai, kimanin digiri 2 a ma'aunin Salshiyas, kuma yakan bi waɗannan tsagogi ya gangara ciki har kilomita guda ko fiye. Da ya kusanci narkakken dutse sai ya ɗauki zafi, ya rasa iskar oksijin da ke cikinsa, ya yi tsami, ya narkar da baƙin ƙarfe da tagulla da tutiya da farar wuta daga jikin dutsen. Da yake ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, sai ya taso da ƙarfi ya ɓulɓulo ta wata kafa. Haɗuwarsa da ruwan sanyi ke da wuya sai ma'adinan da ya ɗauko su koma baƙin gari, su turnuƙe kamar hayaƙi, wasunsu kuma su taru a bakin kafar har su gina dogon bututu. Zafin ruwan da ke fitowa daga irin wannan bututu yakan kai digiri 350.

Mai karatu zai iya tambaya ko me ya hana ruwan tafasa ya zama tururi, tunda a tukunya ruwa yana tafasa a digiri 100. Amsar ita ce nauyin ruwan da ke sama. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara danniya daidai da nauyin iskar da ke kan mutum a doron ƙasa, saboda haka a zurfin mita 2,500 danniyar ta ninka ta doron ƙasa kusan sau 250. A irin wannan matsi ruwa yana ɗaukar zafi mai yawa ba tare da ya tafasa ba.

Babu wata halitta da aka sani tana rayuwa a ruwa mai digiri 350. Mazaunin halittun da ake magana a kansu shi ne inda ruwan zafin ke sirkuwa da na sanyi: a jikin bangon bututu, inda zafi kan sauko daga ɗaruruwan digiri zuwa sanyin teku a tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, da kuma cikin tsagogin dutsen da ke ƙarƙashin daɓen, inda sirkakken ruwa ke yawo a hankali.

3.0 Gano Halittun

A watan Fabrairu na 1977, wata tawagar masana ilmin ƙasa daga Amurka, cikinsu har da Jack Corliss na Jami'ar Jihar Oregon, suka nutsa da wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku mai suna Alvin a kusa da tsibiran Galafagos na Tekun Fasifik. Maɓuɓɓugar ruwan ɗumi suka je nema a zurfin kimanin mita 2,500, kuma sun same ta. Abin da ba su yi tsammani ba shi ne tarin dabbobin da suka tarar a kewaye da ita: ƙaguwa, da manyan dangin katantanwa masu ɓawo biyu, da wata doguwar tsutsa mai jan kai da ke zaune cikin farin bututu, wadda tsawonta kan kai mita 2. A 1979 kuma aka gano bututun baƙin hayaƙi na farko a wani sashe na wannan teku daura da ƙasar Meziko.

Abin ya ɗaure wa masana kai saboda dalili ɗaya. Hasken rana da tsiro zai iya amfani da shi ba ya wuce zurfin kimanin mita 200, kuma daga mita 1,000 duhu ne ƙirin. Ilmin da ake koyarwa a lokacin shi ne cewa abincin duk wani mai rai yana komawa ga tsiro, tsiro kuma ga rana. To, mene ne ke ciyar da wannan taro a wurin da tsiro ba ya fitowa?

3.1 Abincinsu

Amsar tana tattare da ruwan da kansa. Ruwan da aka ɗebo daga wurin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda alama ce ta wata iska mai ɗauke da farar wuta da ake kira haidurojin salfaid. Tun a 1887 masanin nan ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, ya nuna cewa akwai bakteriyar da ke samun ƙarfin rayuwa daga wannan iska. Irin waɗannan halittu sukan haɗa sinadarai biyu da ke sakin ƙarfi idan sun gamu, sannan su yi amfani da ƙarfin wajen gina jikinsu daga iskar kabon dayoksaid da ke narke a ruwa. Wato aikin da ganye ke yi da hasken rana, su da ma'adini suke yin sa.

A 1981 Colleen Cavanaugh, wadda a lokacin ɗaliba ce a Jami'ar Harvard, ta bayyana sirrin tsutsar nan mai jan kai, wadda masana suka raɗa wa suna Riftia pachyptila. Idan ta girma ba ta da baki, ba ta da hanji. A cikinta akwai wata gaɓa cike da bakteriya. Jan kan nata shi ke zuƙo oksijin da haidurojin salfaid daga ruwa, jini ya kai wa bakteriyar, su kuma su samar da abincin da ita da su ke rayuwa a kansa. Da za a raba ta da waɗannan baƙi nata, da yunwa ta kashe ta.

Yana da kyau a lura da wani bambanci a nan. Halittun da ke amfani da oksijin ba su rabu da rana gaba ɗaya ba, domin oksijin ɗin teku daga tsirrai da danginsu na saman ruwa yake fitowa. Waɗanda suka fi nisa da rana su ne masu haɗa iskar haidurojin da kabon dayoksaid su fitar da iskar metan, domin duka kayan aikinsu biyu suna iya fitowa daga cikin dutse. Waɗannan ba bakteriya ba ne. Suna cikin wani rukuni da Carl Woese na Jami'ar Illinois ya ware a 1977, wanda ake kira arkiya: a madubin likita sun yi kama da bakteriya, amma tsarin gadonsu da ginin jikinsu daban ne. Akwai su da yawa a wata maɓuɓɓuga da aka gano a Tekun Atilantika a shekarar 2000, inda ruwan teku ke gamuwa da wani nau'in dutse ya haifar da haidurojin. Ruwan wannan wuri zafinsa tsakanin digiri 40 zuwa 90 ne, yana da kaifi irin na ruwan kanwa, kuma fararen bututunsa sukan kai tsawon mita 60.

3.2 Hujjojin Rayuwa a Cikin Dutsen

Abin da aka gani a 1977 a saman daɓen yake. Hujjar cewa akwai rayuwa a ƙarƙashinsa ta zo ne daki-daki.

A watan Afrilu na 1991 jirgin Alvin ya nutsa a wani wuri a gabashin Tekun Fasifik jim kaɗan bayan aman wutar dutse a daɓen tekun. Masanan da ke ciki sun tarar da wani farin abu yana fesowa daga sababbin tsagogi ya cika ruwa, kamar audugar rimi idan iska ta ɗebe ta. Bincike ya nuna cewa farar wuta ce da ƙananan halittu suka samar, haɗe da su kansu halittun. Yawan abin da ya fito cikin ɗan lokaci ya sa masana suka ɗauka cewa akwai mazauninsu a cikin dutsen.

Hujja ta biyu ta fito daga haƙa. Akwai jiragen ruwa na musamman da ke haƙa daɓen teku kamar yadda ake haƙa rijiyar burtsatse. A 1996 aka haƙa irin wannan rijiya a gefen tsaunukan Juan de Fuca, daura da gaɓar yamma ta Amurka da Kanada, aka ratsa laka mai kaurin fiye da mita 200 har aka kai dutse, sannan aka toshe bakin rijiyar da murfi don kada ruwan teku ya gurɓata na ciki. A 2003 James Cowen na Jami'ar Hawai da abokan aikinsa suka bayar da rahoton cewa ruwan da ke tasowa daga dutsen, mai zafin kimanin digiri 65, yana ɗauke da bakteriya da arkiya iri-iri. An ƙiyasta shekarun dutsen da miliyan 3.5, abin da ya nuna cewa rayuwar ba ta taƙaita ga bakin sababbin maɓuɓɓugai ba.

Hujja ta uku ita ce aikin jirgin Chikyu na ƙasar Japan a 2016, a yankin Nankai da ke kudu da ƙasar. An haƙa mita 1,180 a ƙarƙashin daɓen, inda zafi ya kai digiri 120. Sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna cewa yawan halittun ya ragu ƙwarai bayan an wuce digiri 45, akwai ma sassan da ba a ga komai ba, amma a can ƙasa, tsakanin digiri 100 da 120, an sake samun alamun halittu masu rai suna aiki.

3.3 Iyakar Zafi

Nazarin halittu masu son zafi ya fara ne a tudu. A 1969 Thomas Brock da ɗalibinsa Hudson Freeze suka bayyana wata bakteriya mai suna Thermus aquaticus daga maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka, wadda ta fi walwala a kimanin digiri 70. Daga nan maɓuɓɓugan teku suka riƙa ɗaga iyakar. A 1986 aka bayyana Pyrococcus furiosus daga gaɓar tsibirin Vulcano na Italiya, wadda ta fi saurin hayayyafa a digiri 100. A 1997 aka bayyana Pyrolobus fumarii daga bangon wani bututu a tsakiyar Tekun Atilantika, wadda ke hayayyafa har a digiri 113. A 2008 Ken Takai da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa wani nau'in Methanopyrus kandleri daga Tekun Indiya yana hayayyafa a digiri 122 idan aka sa shi cikin matsi. Don a gane girman wannan adadi, tukunyar da asibitoci ke turara kayan tiyata a ciki digiri 121 take kaiwa.

Zafi yana kashe mai rai ne ta hanyar warware sinadaran jikinsa, kamar yadda farin ƙwai ke sandarewa a kasko. Waɗannan halittu suna da kariya ta fuskoki da dama. Sinadaran aikin jikinsu a dunƙule suke tamau, ba sa saurin warwarewa. Fatar da ke kewaye da arkiya da wani irin maiƙo aka gina ta wanda zafi ba ya saurin narkarwa. Haka nan suna da wani sinadari da ke ƙara murɗe zaren gadonsu, kamar yadda igiya ke ƙara ƙarfi idan aka tufke ta da kyau.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan maƙala shi ne ɗaya gefen maganar. Pyrolobus fumarii ba ta hayayyafa idan zafi ya yi ƙasa da digiri 90. Zafin jikin mutum digiri 37 ne. Ke nan jikin ɗan Adam, ga wannan halitta, wuri ne mai tsananin sanyi da ba za ta iya motsi a cikinsa ba. Bugu da ƙari, har yanzu masana ba su tabbatar da wata arkiya da ke haddasa wa mutum cuta kai tsaye ba.

4.0 Kwarin Binuwai: Misali na Kusa

Jihar Taraba ba ta da gaɓar teku, amma wani babban sashe nata yana cikin abin da masana ilmin ƙasa ke kira Kwarin Binuwai. Wannan kwari ya miƙe kimanin kilomita 1,000 daga yankin Neja-Delta zuwa arewa maso gabas, inda ya rabu biyu, reshe ɗaya ya bi Gongola, ɗaya ya nufi Yola. Ya samo asali ne fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce, lokacin da nahiyar Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu. Tsagewar da ta ci gaba ita ta zama Tekun Atilantika ta Kudu. Wadda ta tsaya a hanya ita ce Kwarin Binuwai. Teku ta sha malalowa cikin kwarin a wancan zamani, kuma ta bar shaida: dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Ashaka ta Jihar Gombe domin yin siminti cike yake da ɓawon dabbobin teku da suka zama dutse.

Ruwan zafi ma ya bar tasa shaidar. A Arufu da Akwana na Jihar Taraba, da Zurak ta Jihar Filato, da yankin Abakaliki na Jihar Ebonyi, akwai jijiyoyin dalma da tutiya a cikin dutse, waɗanda ruwan gishiri mai zafi ya bi tsagogi ya ajiye. Dutsen dalmar nan, wanda haɗin dalma ne da farar wuta, shi Hausawa suka daɗe suna niƙawa su yi tozali. Dangi ɗaya yake da ma'adinan da ke baƙanta hayaƙin bututun teku, sai dai shi a cikin dutse ya taru, bai feso cikin ruwa ba.

Har yau ruwan zafi yana ɓulɓulowa a kwarin. Ruwan Wikki na gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi yana da ɗumin kimanin digiri 31 rani da damina. Na Akiri a Jihar Nasarawa, da wanda ake kira Ruwan Zafi a yankin Lamurde na Jihar Adamawa, maƙwabciyar Taraba, duk sun haura digiri 50. Waɗannan ba narkakken dutse ne ke dafa su kai tsaye ba. Ruwa ne da ya gangara can cikin ƙasa, inda zafi ke ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita, sannan ya sami tsaga ya dawo sama. Duk da haka hanyar ɗaya ce da ta teku: ruwa ya sauka da sanyi, ya taso da zafi, ɗauke da ma'adini. Masana kan sa halitta a rukunin masu son zafi idan ta fi walwala a sama da digiri 45, saboda haka zafin Akiri da na Lamurde yana cikin iyakar da irin waɗannan halittu ke zama.

Akwai misalin da ya fi wannan kusa. Duk manomin da ya taɓa tona tarin taki ko juji ya san cewa cikinsa yakan yi zafi har ya yi tururi da sanyin safiya. Ƙananan halittu ne ke ruɓar da shi, zafin aikinsu kan kai digiri 60 ko fiye, kuma a wannan mataki masu son zafi ne ke riƙe da aikin. Malamin da ke koyarwa a Sarkin Dawaki zai iya farawa daga jujin bayan gida, ya wuce zuwa Ruwan Zafi na Lamurde, kafin ya kai ɗalibansa daɓen Tekun Fasifik.

5.0 Matsalar Kalma

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro a firamare da harshen uwa ko harshen da aka fi amfani da shi a yankinsa. A gari irin Jalingo, inda Fulani da Mumuye da Jukun Kona da Hausawa da wasu al'ummu ke zaune tare, Hausa ce harshen kasuwa da na cuɗanya, kuma ko da littafin Ingilishi ne, da ita malami kan warware wa yara abin da ya shige musu duhu. Saboda haka kalmar da ya zaɓa ita ce za ta zauna a zukatansu.

5.1 Kalmomin da Ake da Su

Kalmar "ƙwaya" ba ta da laifi. Tana nuna ƙanƙanta da ɗaiɗaikuwa, kamar a ƙwayar hatsi da ƙwayar magani da ƙwayar zarra. Matsalar tana ga "cuta", wadda ke ɗauke da ma'ana biyu a Hausa, rashin lafiya da kuma zalunci, kamar a "ya cuce ni". Duka biyun ba su da alheri. A dubi waɗannan jimloli:

(1) Ƙwayoyin cuta ne ke mayar da madara kindirmo.
(2) Tsutsar ba ta rayuwa sai da ƙwayoyin cutar da ke cikinta.
(3) Wannan ƙwayar cuta ba ta cutarwa.

Jimla ta (1) za ta sa mai sauraro ya ƙyamaci kindirmo. Ta (2) ta juyar da ma'anar, domin ta nuna tsutsar a matsayin majinyaciya alhali abokan zamanta ne ke ciyar da ita. Ta (3) kuwa tana rushe kanta da kanta.

Gazawar ba ta tsaya ga halittun teku ba. Bakteriya ce ke mayar da kalwa daddawa. Ƙananan halittu ne ke tsamar da gasarar koko da kunun zaƙi. A karofin Ƙofar Mata ta Kano, inda ake haɗa baba da toka a bar su kwanaki kafin rini ya kama, bakteriya ce ke sauya baban har ya narke ya shiga zare. Bahaushe ya daɗe yana sarrafa waɗannan halittu a sana'arsa, amma sunan da ya fara samu gare su ta ƙofar asibiti ya shigo. Wani abin lura kuma shi ne, gwajin nan da ake kira PCR, wanda aka yi amfani da shi wajen gano cutar korona a 2020, ake kuma amfani da shi wajen gano zazzaɓin Lassa, ya dogara ne ga sinadarin da aka samo daga Thermus aquaticus, saboda zafin da gwajin ke buƙata ba ya lalata shi. Akwai makamancinsa da aka samo daga Pyrococcus furiosus. Wanda ya kira waɗannan halittu ƙwayoyin cuta ya sa su a layi ɗaya da abin da suke taimakawa a kama.

Sauran kalmomin da ake ji su ma suna da rauni. "Ƙwayar halitta" ta riga ta ɗauki kaya da yawa, domin ana amfani da ita ga ɗan ƙaramin tubalin da aka gina jiki da shi, ana kuma amfani da ita ga sinadarin gado. "Ƙananan halittu", wadda aka yi ta amfani da ita a wannan maƙala, tana da faɗi, domin tururuwa da ƙuma ma ƙananan halittu ne. "Halittun ɓoye" kuwa za ta kai tunanin Bahaushe ga mutanen ɓoye, wato aljannu. Aron "bakteriya" ya zauna a kafofin watsa labarai, amma rukuni ɗaya kawai ya rufe, ya bar arkiya a waje.

5.2 Shawara

Ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi ba baƙon aiki ba ne ga masana Hausa. Littafin kalmomin nazarin harshe da adabi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 misali ne na abin da taron masana zai iya samarwa. A bisa wannan turba ake ba da shawarar kalmomi kamar haka:

(4) ƙwayar rai, jam'i ƙwayoyin rai: duk halittar da ido ba ya gani sai da madubi, mai cutarwa ko marar cutarwa.
(5) ƙwayar cuta: ƙwayar ran da ke haddasa rashin lafiya kaɗai.
(6) maso-zafi, jam'i masoya zafi: ƙwayar ran da ta fi walwala a sama da digiri 45.
(7) maso-ƙuna, jam'i masoya ƙuna: wadda ta fi walwala a digiri 80 ko fiye.
(8) maci-ma'adini, jam'i maciya ma'adini: wadda ke samun ƙarfin rayuwa daga ma'adini.

Kalma ta (4) ta bi ƙirar "ƙwayar cuta" sak, saboda haka kunne ba zai ƙi ta ba, kuma ta bar tsohuwar kalmar a wurinta da ma'anar da ta dace da ita. Kalmomi na (6) zuwa (8) sun bi wata tsohuwar hanyar harhaɗa suna a Hausa, inda ake liƙa ɗafa-goshin "ma-" ga gajeren aikatau sannan karɓau ya biyo baya, kamar a maci-amana da maja-ciki da maga-takarda. Ita kanta "maso" tana nan a "arewa maso gabas". Jam'in ma ya bi na "maciya amana".

Za a iya yin suka ta fuska biyu. Ta farko ita ce "rai" kalma ce mai nauyi da ke kusa da "ruhi". Amsar ita ce Hausa tana cewa itace yana da rai, tsiro ya mutu, ba tare da an kawo maganar ruhi ba, kuma a wannan ma'ana aka yi amfani da ita. Ta biyu ita ce bairos, wanda masana ke saɓani a kan ko mai rai ne, tunda ba ya hayayyafa sai a jikin wani. Wannan saɓani na kimiyya ne, yana nan a kowane harshe, kuma za a iya ci gaba da kiran bairos da sunansa na aro.

6.0 Kammalawa

An ga yadda ruwan teku ke shiga dutse ya fito da zafi da ma'adini, da yadda wasu halittu ke rayuwa a kan wannan ma'adini a cikin duhu har zuwa digiri 122, da kuma hujjojin da suka nuna cewa mazauninsu ya zarce saman daɓen teku ya shiga cikinsa fiye da kilomita guda. An kuma ga cewa Kwarin Binuwai, da ma'adinan Arufu da Akwana da maɓuɓɓugan Lamurde da Akiri, ya isa ya zama abin kwatance ga mai koyarwa a Taraba da maƙwabtanta.

Kalmomin da aka kawo shawara ce, kuma amfani ne kaɗai zai tabbatar da su ko ya watsar. Hanyar gwada su ita ce a rubuta darasi ɗaya iri biyu, ɗaya da "ƙwayar cuta", ɗaya da "ƙwayar rai", a koyar a azuzuwa daban-daban, sannan a tambayi yaran ko daddawa da kindirmo suna da haɗari. Wannan aiki ne da sassan nazarin harsunan Nijeriya da na kimiyyar halittu a jami'o'i za su iya yi tare, su kuma jawo masu fassarar labarai a gidajen rediyo, tunda ta bakinsu ne yawancin sababbin kalmomi ke isa ga jama'a.